Hancin Kaka Falmata

A unguwar Kwaciri, idan baƙo ya tambayi gidan Alhaji Modu, ba a wahalar da kai wajen yi masa kwatance. Sai dai a ce, "Miƙe layin nan, hancinka zai kai ka." Kuma yana kaiwa. Tun daga kwalbatin da ke bakin layin ƙamshin yake tarar mutum, ya kama masa gefen riga, ya ja shi har zaure. Ƙamshin kuwa na mahaifiyar Alhajin ne, Kaka Falmata, wadda ta shekara hamsin da biyu tana dafa turaren wuta a tukunya guda.

Tukunyar ta dalma ce, ba wata babba ba, kunnenta ɗaya a lotse. Da ita Kaka ta sauko daga jirgin Nguru tana amarya, ta rungumo ta a cinya tun daga can har tashar Kano, ta ƙi yarda a haɗa ta da sauran kaya. Tun daga ranar ruwa bai taɓa shiga cikinta ba. Sukarin da ake narkawa, da man turare, da garin itace, sun yi ta kwanciya a jikinta shekara bisa shekara, har suka zama wani baƙin ɓawo mai sheƙi, kaurinsa ya kusa na ɗan yatsa. Kaka takan ce rabin aikin tukunyar ce take yi, domin kowace dahuwa tana ɗibar wani abu daga ta baya, ta bar wani abu ga mai zuwa. Da yanar ido ta dushe mata gani shekara huɗu da suka wuce, ko a jikinta.

"Ido na masu ɗinki ne," in ji ta. "Ni hanci Allah Ya ba ni."

A ɗakin wannan tsohuwa jikarta Jawahir, 'yar Alhaji Modu, ta tashi. Ita ke hura gawayi, ita ke miƙo kwalabe, ita ke shan tsiya idan ta miƙo wadda ba ita aka ce ba. Shekararta ashirin da uku, ta gama kwalejin horon malamai, kuma zuciyarta ta tafi wurin wani saurayi mai suna Abdulhafiz, makaniki a wurin gyaran injinan jirgin ƙasa. Manya sun riga sun shiga maganar, sa rana kawai ya rage.

Abin da ya dame ta da shi ɗaya ne: hannuwansa. Idan ya zo zance yakan ɓoye su a aljihu ko a ƙarƙashin hammata. Ranar da ta matsa masa ya fito da su, sai da ƙwalla ta cika mata ido. Baƙin mai ya zauna a kowace tsaga, fatar ta daddare, don da fetur da garin wanki yake dirje su kullum. Ya yi dariya ya ce hannun neman halak ke nan. Ita kuwa ta koma ɗaki da ƙudurin sai ta yi masa sabulu da hannunta, mai laushi, mai ƙamshin gidansu, wanda duk sanda ya wanke hannu a wurin aiki zai tuna akwai wadda ta damu da shi.

Ƙawarta Julie ce ta iya sabulu. Tare suka yi kwaleji. Iyayen Julie mutanen Zariya ne, amma a Sabon Gari take zaune da yayarta, a wani dogon gidan haya, kuma a bayan ɗakinsu take haɗa sabulun da take kai wa masu shaguna. Ranar wata Asabar ta zaunar da Jawahir a kan benci ta nuna mata komai: yadda ake auna soda, sinadarin nan mai cin fata, yadda ake zuba ta a ruwa a hankali, yadda ake jira ta huce kafin a haɗa da man alayyadi da man kaɗanya, da yadda ake barin sabulun ya sha iska sati huɗu kafin ya taɓa jikin mutum.

"Ki saurare ni nan, amarya," in ji Julie, tana kaɗa mata muciya a fuska. "Roba. Bokitin roba, mazubin roba. Soda ba ta ga maciji da dalma, cinye ta take yi. Kin ji, ko hankalin yana tashar jirgi?"

"Na ji, malama."

"Maimaita."

"Roba, roba, roba. Sai ka ce ina aji ɗaya."

Ta ji ɗin kuwa. Wannan shi ne abin da daga baya ya fi ci mata rai. Da mantuwa ta yi, da ta sami inda za ta raɓe.

Ranar Talata Alhaji Modu ya kai Kaka asibitin ido, tana fama da mura a kan haka, tana tafe tana atishawa tana yi wa likitoci tsiya tun kafin ta gan su. Umman Jawahir ta tafi barka a maƙwabta. Gida ya zama na Jawahir ita kaɗai. Ta fito da kayan haɗinta tsakar gida, ta ɗauko bokitin roba, sai idonta ya faɗa kan tukunyar Kaka a kan kantar ɗakinsu, an rufe ta da farin ƙyalle.

Tunanin ya zo mata da daɗi, kamar yadda irin waɗannan tunane-tunanen suke zuwa. Turaren kwalba kowa yana iya saye a kasuwa. Amma ƙamshin da ke cikin tukunyar nan babu shi a ko'ina a duniya. Idan ta jiƙa sodar a ciki, ko na minti biyar ne, ruwan zai ɗebo ƙamshin ya kai shi cikin sabulun. Maganar Julie ta faɗo mata, ta ture ta gefe. Ai dalma aka ce, kuma dalmar a rufe take ruf da ɓawon turare, ta ina soda za ta gan ta? Har ta ji ta burge kanta da wannan dabara.

Ta zuba ruwa. Ta zuba soda. Ta juya.

Minti biyun farko babu abin da ya faru, sai wani ƙamshi mai nauyi da ya taso, har ta lumshe ido tana murmushi. Daga nan ruwan ya yi baƙi. Tukunyar ta ɗauki zafi ba tare da wuta ba, ta fara tsuwa, kumfa mai ruwan toka ta taso tana tafarfasa, wani tururi mai yaji ya doki idonta da maƙogwaronta. Ta ga ɓawon yana ɓallewa daga jikin tukunyar, yana narkewa kamar alewa a bakin yaro.

"Innalillahi! Wayyo ni!"

Ta yayimo tsumma ta kama kunnuwan tukunyar, ta ruga bakin rariya ta tuntsurar. Baƙin ruwan ya bi kwata ya fita waje. Ta yi ta kwara ruwa a tukunyar, tana ɗaurayewa tana kuka, har hannunta ya gaji. Da ta ɗaga ta a rana, cikinta fari ne tas, da 'yan ramuka ƙanana kamar fuskar wanda ya yi ƙyanda. Ba ta huje ba. Amma shekara hamsin da biyu sun bi kwata.

Yinin ranar kwatar layin ta yi ta ƙamshi. Jawahir tana jiyo mai kayan miya a waje yana cewa, "Kai, yau Ya Falmata ta yi abin kirki, har rariyarsu ta yi wanka." Ta toshe kunnuwanta.

Da a ce ta tsaya nan, ta jira Kaka ta dawo ta durƙusa ta faɗa mata, da an yi faɗa, an yi kuka, an wuce wurin. Tsoro ne ya ba ta shawara ta biyu, wadda ta fi ta farko muni. Ta hura gawayi, ta ƙona sukari da man gyaɗa a cikin tukunyar, ta juya ta ya bi ko'ina, ta bari ya daskare. Ta sake, ta kuma sakewa, har cikin ya yi baƙi ya yi kauri. Ta ɗiga turare kaɗan, ta mayar da ita kan kantar, ta rufe da farin ƙyallen. Wanda ke gani da ido sosai zai iya ganewa. Kaka kuwa da hannu take gani, kuma hannu zai ji kunnen nan a lotse, ya ji ɓawo a inda ya saba jin ɓawo.

Ranar Alhamis Kaka ta sa aka sauko mata da tukunyar. Al'adarta ce kafin ta ɗora ta a wuta ta sa fuskarta a ciki ta ja numfashi, kamar mai gaida tsohuwar ƙawa. Ta ja. Ta ɗago. Ta sake ja.

"Wannan mura ta raina ni," ta ce. "Mayar da ita, sai na warke."

Jawahir ta mayar.

Bayan kwana takwas mura ta tafi. Hajiya Bintu, wata tsohuwar mai sayen turaren Kaka da ke da shagon atamfa a Titin Ibrahim Taiwo, ta aiko tana son kwalba shida na bikin 'yar ƙanwarta. Kaka ta zauna a kan tabarma ta yi aikinta yadda ta saba: itacen sandal da na hawi, farcen turare, sukari, sannan turarukan kwalba ɗaya bayan ɗaya. Da ya huce ta sa Jawahir ta kawo garwashi a kasko, ta barbaɗa kaɗan. Hayaƙi ya tashi. Kaka ta karkatar da kai, ta daɗe a haka.

"Jawa."

"Na'am, Kaka."

"Zo nan, 'yar nema. Shinshina mini wannan. Yadda yake kullum yake?"

Jawahir ta sunkuya a kan kaskon. Turare ne mai kyau, duk wanda ya shiga ɗakin zai yaba. Amma wani abu da ke ƙarƙashinsa, mai zurfi, mai ɗumi, wanda tun tana goye take jin sa a zanin Kaka, babu shi. Kamar miyar da aka yi da komai aka manta daddawa. Ta ji bambancin sarai. Ta dubi fuskar tsohuwar, idanun nan masu fari-fari suna kallon gefenta kaɗan, suna jira.

"Yadda yake kullum yake, Kaka."

"Kin tabbata?"

"Har ya fi ma."

Kaka ta sa aka ɗura turaren a kwalabe. Da yamma Hajiya Bintu ta zo da kanta, ta buɗe kwalba ta kai hanci, ta ce, "Masha Allah! Ya Falmata, hannunki ba ya tsufa. Kamar kullum." Mutuniyar kirki ce, amma hancinta na mai saye ne, kuma tana sauri direba yana jiran ta.

Bayan ta tafi Kaka ta zauna a wurin har aka kira magariba. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ke kin ce daidai yake. Bintu ta ce daidai yake. Ni kuma ban ji shi ba. To, ashe ba turaren ba ne."

Ta ɗora yatsa a kan hancinta, ta sauke.

Daga ranar Kaka Falmata ta fara janyewa daga duniya kaɗan-kaɗan, kamar ruwan randa mai tsaga. Ta sa aka kulle akwatin turarukanta, ta ɗaure makullin a bakin zani, ta hana a buɗe. Alhaji Modu ya ce ta gwada shinshina kwalaben mana, ko a gane inda matsalar take. Ta ce ba za ta je neman labarin da ta riga ta sani ba. Ta ce tana jin warin kwata, tana jin albasa idan ana suya, manyan abubuwa irin waɗanda ko akuya tana ji. Siririn abin ne ya tafi, kuma haka ya fara wa mahaifiyarta, daga siririn sai mai kaurin, har ta rasu ba ta bambance kunu da ruwa. Ta rage cin abinci. Ta daina tsokanar Jawahir. Wannan ya fi komai ciwo, domin Jawahir ta wayi gari tana marmarin a ce mata 'yar nema, a ce mata mai hannun aro, a ce duk wanda ya aure ta ya auri asara.

Abdulhafiz ya zo wata ranar Lahadi da ledar lemo da wani man shafawa mai yaji da aka ce yana buɗe hanci. Suka tsaya a zaure.

"Wani abokin aikinmu ya ce akwai likitan hanci mai kyau, zan karɓo lambarsa," ya ce. "Wallahi tausayi take ba ni. Kamar a ce ni a wayi gari ba na jin ƙarar inji. Ai na gama yawo." Ya dube ta. "Ke ma kin rame. Allah Ya saka miki, yadda kike kula da ita ba kowace jika ba ce za ta yi."

Jawahir ta ji kamar ya watsa mata ruwan sodar nan a ƙirji. Ta ce kanta ke ciwo, ta shige gida. A ƙarƙashin gadonta akwai sabulu guda goma sha biyu da ta haɗa daga baya a bokitin roba, suna shan iska a kan kwali. Sun yi kyau, sun yi fari. Ko kallonsu ba ta iya yi.

Washegari ta hau adaidaita sahu zuwa Sabon Gari. Ta tarar da Julie a bayan ɗaki, da safar hannu har gwiwar hannu, tana yanka sabulu da zare.

"A'a, amarya! Ina sabulun ango? Ko ya wanke hannun har ya ga fuskarsa a ciki?"

Jawahir ta zauna a kan bencin ta fashe da kuka. Sai da Julie ta cire safar, ta kawo mata ruwa, sannan maganar ta fito, a gutsure, daga farko har ƙarshe.

Julie ta riƙe haɓa. "Tukunyar Kaka? Wadda ko ni da na je gidanku ta ce kada inuwata ta faɗa a kanta?"

"Ita."

"Yesu! Jawa, sau nawa na ce roba?"

"Sau uku."

"Ke ma sau uku kika maimaita, har na ɗauka da mai hankali nake magana." Ta zauna kusa da ita. "To, tukunya dai ta tafi. Ni ma na taɓa narkar da tukunyar yayata, ta yi sati ba ta yi mini magana ba, ga mu nan muna cin tuwo tare. Wannan tsautsayi ne da rawar kai. Amma sukarin da kika ƙona fa? Da cewar da kika yi daidai yake?"

"Tsoro na ji."

"Tsoron me? Duka? Tsohuwar da ko sauro ba ta iya kashewa sai an nuna mata inda yake?"

"Tsoron ta daina so na." Jawahir ta share hanci da gefen mayafi. "Julie, ba za a iya gyarawa ba? Ke kin san masu sayar da kayan haɗi a kasuwa. Babu wani abu da za a shafa, ƙamshin ya dawo?"

"Akwai. Ana sayar da shekara hamsin a kwalba, layin 'yan kemikal, shago na uku." Julie ta harare ta. "Kin zo in taya ki yin ƙarya ta uku ke nan. Ba da ni ba. Kwana nawa yanzu tana zaton hancinta ya mutu?"

"Goma sha bakwai."

"Har ƙirgawa kike yi. Tashi ki tafi gida, don Allah, kafin in yi miki abin da Kaka ba za ta iya ba."

Ta tafi da niyyar faɗa a ranar. Ba ta faɗa ba. Ta kai bakin ƙofar ɗakin sau biyu, ta ga Kaka a zaune ta jingina da bango tana jan carbi, ta juya. Washegari ma haka. Kowace safiya sai ta ce bari ta ci abinci tukuna, kowace yamma sai ta ce bari ta huta tukuna.

Ranar Alhamis da hantsi Hajiya Bintu ta yi sallama. Kaka ce ta aika aka kira ta. Bayan an gaisa, Kaka ta kwance makulli daga bakin zaninta ta miƙa a iska.

"Jawa, jawo akwatin nan. Ki sauko da tukunyar ma."

"Me za a yi da su, Kaka?"

"Bintu za ta tafi da su. Tana da 'yar ƙanwa a Maiduguri mai sha'awar sana'ar. Gara su je inda za a ji su, da su zauna a ɗakin da babu hanci."

"Haba, Ya Falmata," in ji Hajiya Bintu. "Ki dai ƙara haƙuri, a ga likita."

"Bintu, na yi wa mutane turare shekara hamsin ban taɓa ba su abin da ban ji da kaina ba. Ba zan fara yanzu ba. Da ido ya tafi ban yi kuka ba, kin sani. Wannan kuwa na yi, na gama, na share hawayena. Allah da Ya ba ni Shi Ya karɓa. Jawa, karɓi makullin mana, kin bar hannuna a tsaye kamar na mai bara."

Jawahir ta karɓi makullin. Ta sauko da tukunyar, ta cire farin ƙyallen. Ta yi taku biyu zuwa wurin Hajiya Bintu, sai ta tsaya, maganar Kaka tana dawo mata: Allah da Ya ba ni Shi Ya karɓa. Har Ubangiji tsohuwar ta yi wa haƙuri a kan abin da ita Jawahir ta aikata da bokitin ruwa da soda.

Ta durƙushe a gaban tabarmar, tukunyar a ƙirjinta.

"Kaka, hancinki lafiyarsa ƙalau."

"Kada ki lallashe ni, ba yarinya ba ce ni."

"Ba lallashi ba ne. Ni ce. Ranar da Baba ya kai ki asibiti na jiƙa sodar sabulu a tukunyar nan. Ta cinye ɓawon duka, na zubar a kwata. Abin da ke ciki yanzu sukari ne da man gyaɗa, ni na ƙona. Turaren da kika yi ba daidai yake ba, Kaka. Na ji bambancin tun a shaƙar farko. Kin tambaye ni, na yi miki ƙarya."

A waje wani mai gyaran takalmi yana wucewa yana buga akwatinsa. Hajiya Bintu ta gyara mayafi, ta dubi ƙofa.

"Bintu," in ji Kaka, muryarta a daidai, "ki gafarce ni, na taso ki a banza. Ki gaida gida."

Hajiya Bintu ta fita ba ta ko tsaya saka takalminta da kyau ba.

Kaka ta miƙo hannu biyu. Jawahir ta sa mata tukunyar. Tsohuwar ta shafa kunnen da ya lotse, ta zura hannu ciki, ta sa farce ta ɓanɓaro ɓawon, ta kai bakinta ta ɗanɗana. Ta tofar a gefe. Ta ci gaba da ɓanɓara, yana zubowa a cinyarta, har yatsanta ya isa ƙarfen, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe tana bin su.

"A nan turaren auren ubanki yake," ta ce a hankali. "Da na sunanki. Da wanda na yi ranar da aka fita da kakanku, don kada ɗakin ya yi warin rashi."

"Ki yafe mini, Kaka. Ki dake ni, ki yi mini duk abin da..."

"Yi mini shiru. Sabulun me?"

"Na Abdulhafiz. Hannunsa ne yake tsagewa. Na so ya ji ƙamshin gidanmu."

"Da kin tambaye ni, da na kankaro miki da cokali. Cokali guda ya ishi sabulu ɗari." Ta ajiye tukunyar a gefe. "Tukunya ƙarfe ce, Jawahir. Zan yi kukanta, amma ƙarfe ce. Ke kuwa a ɗakin nan kike kwana. Kina jin ina juyi, kina jin ina roƙon Allah Ya ba ni juriya. Sati uku. Kina kawo mini abinci kina cewa in daure in ci."

Ba ta taɓa kiran ta da cikakken sunanta ba sai yau. Jawahir ta kifa goshi a kan tabarma tana kuka, domin duk abin da aka faɗa haka yake.

"Ban ce na yafe ba," in ji Kaka. "Kada ki ari bakina. Zan yafe ranar da na ga dama, ba ranar da kukanki ya ishe ni ba. Ɗago. Buɗe akwatin."

Jawahir ta ɗago, ta sa makullin ta buɗe.

"Ɗauko kwalba. Kowace ce. Kada ki faɗa mini sunanta, kada ki ba ni a hannu, na san su da girmansu. Buɗe kawai ki kawo nan."

Ta ɗauko wata daga tsakiya ta cire murfin. Ta ga hannun Kaka ya damƙe gefen tabarma. Tsohuwar tana tsoro. Duk da abin da ta ji yanzu, tana tsoro, kuma wannan tsoron Jawahir ce ta dasa shi. Ta matso da kwalbar a hankali.

Kaka ta ja numfashi kaɗan, kamar mai taɓa ruwan wanka da yatsa. Ta sake ja, mai tsawo.

"Sandaliyya," ta ce. "Ta wurin mutumin nan na kasuwar Kurmi, ba ta Maiduguri ba. Ya kuma ƙara mata mai, ɓarawon banza."

Hannunta ya saki tabarmar. Hawaye ya gangaro daga idanun da ba su gani, ba ta share ba, ba ta kuma juyo wajen jikarta ba.

"Wata," ta ce.

Jawahir ta goge fuska da bayan hannu, ta ɗauko ta gaba.